Sani ya bar giya, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Umaru. Ina gajiya, ya aiki, ya Hajara da yara? Mu nan Jabo lafiya lau.

Saƙonka ya ɓata mani rai. Wai kada a ba ƙanenmu Sani gonar Baba don mashayi ne! Yaushe rabonka da shi? Shekara guda ke nan bai taɓa giya ba. Hannunsa ya daina rawa, kumburin ƙafarsa ya sace, shi kaɗai ya nome mani gero bana. Da ya ji maganarka sai ya ce, "Har yanzu sunana ke nan wurin Yaya?" Ranar ko tuwo bai ci ba.

Ka zo ka gan shi da idonka. Kafin nan, ka yi mashi addu'a, ka bar zaginsa. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza