Kwamfutar da Ta Raba Ka da Hanyar Gida

Zuwa ga Babangida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Abuja. Mu nan Tudun Wada, ƙanwarka Hauwa ta warke daga zazzaɓi, ta koma makaranta. Kawunka Sule ƙalau yake, yana ta fama da masararsa. Ni ciwon ƙafa ne, mun saba da juna. Babanku ne ba lafiya. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma inuwa kawai yake gani da shi.

Da wayar Hauwa nake rubutu, a nan shafinka na intanet inda kowa ke karantawa, don na lura nan ne kake amsa wa mutane. Da furfurata na shiga ajin manya na koyi boko, ba don in yi maka tonon silili ba. Kai ne ba ka ɗaukar waya.

Da, kowane zangon karatu kana tafe. Ɗakunan kwamfuta na makarantun Kiru da Bebeji har Doguwa, kai kake bi da filashi a aljihu, kana zuba wa kowace kwamfuta abin da za ta yi aiki da shi, ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ka dawo a acaɓa, ka ci tuwo, ka zauna a tabarmar Babanku kuna jin rediyo.

Zuwanka na ƙarshe ka nuna mini gwanintar. Ka danna abu ɗaya, farin rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, ka harɗe hannu kana murmushi. Wai wata babbar kwamfuta ce take shirya kanta da umarnin da ka rubuta mata, ƙananan kuma da an jona musu waya an kunna, sai su neme ta, ta ba su komai. Ka ce, "Inna, yanzu ko ina Legas aikin zai yi kansa."

To, ya yi kansa. Sannu, Injiniya. Abokanka sun cika nan da tafi, sai ka ce rijiya ka haƙa wa gari. Ni ban ga abin tafi ba a akwatin da ke gurnani a lungu, da an ɗauke wuta ya zama kujera. Abu ɗaya zan yaba wa ƙananan: duk lokacin da aka tashe su, ba sa yin komai sai sun nemi na gaba da su. Kai da ka koya musu wannan ladabi, ina ka ajiye naka?

Asibitin ido a Kano sun ba mu Litinin mai zuwa za a yi masa aiki. Babanku ya ce ba mai riƙe hannunsa ya kai shi gaban wuƙa sai kai. Kawunka ya lallashe shi, liman ya lallashe shi, ya juya fuska bango. Likita kuwa ya ce in aka ƙara jinkiri, na hagun ma zai rufe.

Jiya na same shi yana lalubar buta, alhali tana gaban ƙafarsa. Da ya ji motsina sai ya yi kamar takalmi yake gyarawa.

Ni na goya ka, na san ba mugun hali ne da kai ba. Ba ka ga wannan ba ne, shi ya sa na rubuta maka shi.

Ka ba ni amsa kafin sallar Juma'a, in san abin da zan faɗa masa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka hanya, ya sa ranar da aka kwance masa ido kai zai fara gani.

Taka,
Inna