Abin da Biro Ya Faɗa wa Tsinke

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da Maman Tsinke da jaririnku. Ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a kan katafilar nan da kake wuni a samanta, ya sa ku gama aikin hanyar lafiya ku dawo mana. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana iya takawa bakin ƙofa ta yi faɗa da masu zuba mana shara a kwata, ka ga kuwa lafiya ta samu. Tsinke ma lafiyarta ƙalau. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta yi wawulo, kuma har yanzu tana nan siririyarta yadda ka bar ta, sunan da ka laƙaba mata bai tashi a banza ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Sau biyu ka kira a makon nan, sau biyu na ce maka komai lafiya, kuma ba gaskiya na faɗa maka ba. In na ji muryarka sai bakina ya yi nauyi. Kai kuma na san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya sai ka tari numfashinsa. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, sannan ka kira ka yi min faɗan da za ka yi. Maganar a kan karatun Tsinke ce, da batun shigarta aji uku.

Bari in tuna maka yadda nake auna yaran ajina, aji biyun da Tsinke take ciki, a lissafi. Sau uku a shekara nakan kira su ɗaya bayan ɗaya gaban teburina: farkon shekara, ƙarshen zango na ɗaya, da ƙarshen zango na biyu. Tambaya goma ce, biyar na tarawa, biyar na ɗebewa, duk ba su wuce ashirin ba. Yaro yana da damar ƙirgawa da baki, ko da yatsu, ko da murafan kwalba da nake ajiyewa a gwangwani. Ina da littafi mai jan bango, kowane yaro da layinsa, a nan nake sa maki. Gwaji na huɗu, na ƙarshen shekara, ba malamin aji yake yin sa ba, mataimakiyar hedimasta ce. Wanda ya ci bakwai ya wuce zuwa aji uku. Wanda bai kai ba a ba shi mako biyu ya sake, in ya kuma faɗuwa ya maimaita aji.

A littafina Tsinke ta ci huɗu a farkon shekara, tara a zango na ɗaya, goma cif a zango na biyu. Ka tuna ranar da na faɗa maka goman nan, har ka sa wayar a amsa-kuwwa don abokan aikinka su ji? Bayan mako biyu sai ga jakar makaranta ka aiko, ka ce kada a taɓa ta sai ranar shiga aji uku. Ni ma wallahi kaina ya kumbura. Ba wanda ban nuna wa layin nan ba a ɗakin malamai, ina cewa a zo a ga yadda yaro yake ci gaba in ya samu mai koyarwa.

To, ranar gwajin ƙarshe ina cikin aji sai mataimakiya ta aiko in zo. Mu a bayan idonta Malama Tabarau muke ce mata. Mace ce mai gaskiya, amma fuskarta ba ta motsi, ko albishir za ka yi mata ko ta'aziyya duk ɗaya ne. Na same ta zaune, Tsinke tsaye a gabanta tana murza bakin riga. Ta turo min takarda. Biyu cikin goma. Kuma biyun ma waɗanda kowane yaro ya haddace ne, biyar da biyar, da goma a ɗebe ɗaya. Ta ce da ta tambaye ta takwas da biyar, yarinyar ta fara ƙirga daga tara, ta zo sha uku ta wuce, tana yi tana leƙen fuskarta, har ta kai ashirin da biyu sannan ta yi shiru.

Ka san ni da zuciya. Ban tsaya tunani ba na ce mata tsorata yarinyar ta yi, wa zai iya lissafi ana zare masa ido ta saman gilashi? Na ce yarinyar da ta ci goma wata uku da suka wuce ba za ta manta komai a dare ɗaya ba. Na faɗi maganganu, Yaya, waɗanda yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malamai biyu da ke cin abinci a gefe suka daina tauna. Na ga yadda suka kalli juna, na kuma san abin da ke ransu: 'yar wanta ce, a gidansu take, ita ke ba da makin.

Ita kuwa Malama Tabarau ko gezau. Ta tashi daga kujerarta ta ce in zauna in gwada ta da kaina, yadda na saba, ita za ta tsaya a gefe. Na zauna, na buɗe littafina, na ɗauki biro. Na ce sha huɗu a ɗebe shida. Tsinke ta fara ƙirgawa baya a hankali, sha uku, sha biyu, har ta zo takwas ta tsaya cak. Na yi mata huɗu a jere, duk ta ci. Na ɗago ina kallon matar nan da alamar to kin gani. Sai ta ce in ajiye biron, in sa hannuwana ƙarƙashin tebur, in juya fuskata wajen taga, in sake tambaya ɗaya.

Na ce sha biyu a ɗebe huɗu. Ina kallon taga ina jin muryarta. Sha ɗaya, goma, tara, takwas. Zuciyata ta ce tsaya nan, tsaya nan. Bakwai, shida, biyar. Ta yi ta gangarawa har ɗaya, ta rasa inda za ta. A makaranta Malama take kira na, ba ta taɓa kuskurewa ba, amma ran nan da 'yar ƙaramar murya ta ce:

"Gwaggo, ba ki sauke biro ba."

Ashe ina da wata ɗabi'a da ban san ina da ita ba. In yaro yana ƙirgawa nakan riƙe biro a tsaye, da kunnena ya ji lambar da ke daidai sai hannuna ya sauka kan littafi da kansa don in sa maki. Sauran yara sau uku kawai a shekara suke tsayawa gabana, ba su lura ba, mun duba makinsu a wajen mataimakiya ya yi daidai da nawa. Ita kuwa Tsinke kullum da yamma muna tare a tabarma, ina duba littattafan 'yan aji da biro a hannuna, ina jefa mata tambaya. Shekara guda tana kallon hannun nan. Kai da kanka ka sha faɗa tun muna yara cewa ba na iya ɓoye komai, in na ɓoye maka abu ba ka wahalar nema, inda nake satar kallo kake zuwa. To 'yarka ta gado ka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wayo ta yi min ba. Da na tambaye ta a hanyar gida, sai ta ce ai ta ɗauka haka ake lissafi, mutum ya yi ta ƙirga har malama ta sauke biro. Ba ta san ana riƙe adadin da aka ƙirga ba. Ba wanda ya koya mata, domin mai koya matan tana can tana yawo da littafi tana nuna goma. Washegari na je na ba Malama Tabarau haƙuri a gaban malaman nan biyu, tunda a gabansu na yi mata rashin kunya. Ta ce ba komai, kowane malami yana da irin nasa biron, nawa ne dai aka kama.

Mako biyun nan ban taɓa ganin kwanaki masu gudu irinsu ba. Da mun dawo makaranta sai in shimfiɗa tabarma, in zube mata murafai, in faɗi tambaya, in juya mata baya ina fuskantar bango. Kwana uku na farko kuka kawai take yi. Inna ta fito da sandarta ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin malamar da ke koyar da bango ba, in ba zan iya ba in bar mata jikarta ta huta. Na dai daure. Na koya mata ta naɗe yatsa ɗaya duk lambar da ta ƙirga, ta tsaya in yatsun sun cika, ba sai wani ya tsayar da ita ba. A rana ta biyar ta tara bakwai da huɗu daidai ita kaɗai. Ban juyo ba, don kada ta ga hawayena ta ɗauka kuskure ta yi. Tarawa ta fara zama. Ɗebewa kuwa sai a hankali, in lambar ta haura goma yatsun sukan rikice mata, ta naɗe ɗaya sau biyu.

Ranar sake gwaji a bakin ƙofar ɗakin malamai na tsaya, na juya baya, ina jin komai. Tarawa ta ci huɗu. Ɗebewa ta ci biyu. Tambayar ƙarshe sha uku a ɗebe biyar ce, ta ce tara. Saura ƙiris, Yaya, yatsa ɗaya. Shida ke nan, ana neman bakwai.

Da aka tashi hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, kuma ya ji tausayina. Ya ce doka ta ba shi dama, yaron da ya rasa maki ɗaya ana iya duba littafin shekara, in ya nuna ƙoƙari a ɗaga shi. Ya buɗe littafina a layin Tsinke, ga tara ga goma. Ya ce in sa hannu a ƙasa cewa makin nan nata ne, shi ke nan magana ta ƙare, ba wanda zai ji. Ya miƙo min biro. Na karɓa. Na tuna jakar da ke saman sif, na tuna muryarka a amsa-kuwwa, na tuna ƙawarta da suke benci ɗaya wadda ta ci tara ta wuce. Amma na san aji uku, ni na koyar da shi shekara huɗu. Makon farko ake fara lissafi mai aro, ɗalibai hamsin, malami ba ya jiran kowa. Yarinyar da sha uku ke rikita wa yatsu za ta koma leƙen fuskar mutane, kuma wannan karon ba za ta daina ba. Na ja layi a kan taran da goman, na rubuta a gefe cewa kuskuren mai gwaji ne. Na ce masa makin ba nata ba ne, nawa ne.

Saboda haka Tsinke za ta maimaita aji biyu. Ga maganar da na kasa faɗa maka a waya. Na roƙi a sa ta a ɗaya ajin, wajen wani malami, don ta rabu da hannuna. Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, ta ce na tozarta jinina don a ce ni mai gaskiya ce. Wataƙila kai ma haka za ka ce, kuma ba zan ga laifinka ba. Ka ba ni amanar 'yarka, na ɓata mata shekara guda da hannuna. Ka yafe min. Abin da nake roƙo kawai, in ka kira kada ka yi mata faɗa, ni za ka yi wa.

Ni na faɗa mata da bakina. Ta yi kuka sosai, ta tambaya ko za ka karɓe jakar, na ce ba za ka karɓe ba, tana nan tana jiran ta. Jiya da yamma ta ga ina rubutun nan, ta zo ta tsaya a kaina ta ce ko Babanta nake rubuta wa. Na ce shi ne. Ta tambaya ko na faɗa maka shida ta ci. Na ce na faɗa. Ta tura harshe a wawulonta, sannan ta ce:

"To ki ce masa shidan nawa ne, ban kalli kowa ba."

Ka gaishe min da Maman Tsinke da kyau, ka karanta mata takardar nan duka, kada ka tsallake inda na yi laifi. A shafa min kan jariri. Inna tana gaishe ku, ta ce ka rage shan shayi ka riƙa cin abinci. Kawu ma ya leƙo shekaranjiya, ya ce a isar da gaisuwarsa. Lissafin da za ka gani a ƙasan takardar nan da fensir, sha uku a ɗebe biyar, rubutun Tsinke ne. Ita ta ce in juya baya kafin ta yi, kuma ban duba ba, haka zan ninke ta. Kai za ka fara gani.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Gwaggon Tsinke