Numfashin Jinjiri

Zakka, Safana

Yaya Sharhabilu,

Ƙafafun Jinjiri na baya sun daina aiki tun jiya. Assalamu alaikum, ka yafe mini da na gabatar da kyanwa kafin gaisuwa. Ya aiki, ya Anti Bushira da yara? Tunda har yanzu babu layin waya, Sammani direba zai kawo maka wannan.

Ƙafafun sun yi sanyi ƙalau. Haka take jan su har ƙofar ɗakin ƙanenmu Armaya'u, ta kwanta. Ka san abin da Inna ta riƙe tun ranar da 'yan bindiga suka tafi da shi daga gona: kyanwarsa ce, muddin tana numfashi, shi ma yana yi. Wani da aka sako ya shaida wa liman cewa a dajin da sarƙa ake ɗaure wa mutane ƙafa. Da labarin ya iso gida, Inna kyanwar kawai ta kalla.

Ƙwayoyin zuciyar da ka bar wa Jinjiri sun daɗe da ƙarewa, amma numfashinta lafiya lau. Kai ne likitan dabbobi, ka faɗa mana yadda za mu yi.

Ƙanwarka, Mahfuza


Batsari

Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ki gaishe da Inna da kyau.

Ba sarƙa ba ce. Naman zuciyar Jinjiri ya yi kauri, jini yana daskarewa a ciki, guda ya ɓalle ya toshe hanyar ƙafafu. Ki shimfiɗa mata tsumma mai ɗumi, ki hana ta busasshen kifi saboda gishiri. Ko kin ga tana jin ciwo, kada a ba ta parasitamol, kashe kyanwa yake yi.

Abu ɗaya bai zauna mini ba. In babu ƙwayar da ke rage mata ruwa a ƙirji, da yanzu tana haki baki buɗe. Wani yana ba ta magani. Ƙwayar ruwan da asibiti suka ba Inna irin wannan ce. Ki duba ƙafafun Inna.

Na bar ku lafiya.

Sharhabilu


Zakka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na duba. Sun kumbura har takalmi ba ya shiga, shi ya sa take sakin zani har ƙasa. A zaune take barci yanzu. Kullum da safe takan karɓi ƙwayar a hannuna, ta yi bisimilla, ashe ɓoyewa take yi, ta gutsura wa Jinjiri a cikin nono.

Na ce mata likita ya gano ta. Ta ce likitan awaki ba zai koya mata rainon ɗa ba. Da na matsa, sai ta ce, “Ni na ci shekaruna, Mahfuza. Shi bai ci nasa ba.”

Yaya, ba na son rubuta wannan, amma da idona na gani. Bayan azahar Inna da Jinjiri suna barci a inuwar ɗaki, ƙirjinsu tare yake tashi. Kyanwar ta ɗauke numfashi, Inna ma ta ɗauke. Na tsaya riƙe da buta har suka dawo, tare.

Mahfuza


Batsari

Mahfuza,

Ina gaisuwa. Ga ƙulli biyu, na Inna da na kyanwar. Ki nuna mata na kyanwar tukuna, in ba haka ba ba za ta sha nata ba. Ranar kasuwa zan zo in kai ta asibiti. Zancen numfashin, ba ni da bayani. Kada ki bar su su kaɗai.

Sharhabilu


Zakka

Yaya,

Salamu alaikum. Jinjiri ta mutu da hantsi, kafin motar Sammani ta iso. Na ruga wurin Inna. Na same ta tana share ɗakin Armaya'u. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi ƙwayarta ta haɗiye a gabana, ta ce kyanwar ta sauke aikinta, in ɗora ruwan wanka.

Sai da la'asar Sammani ya zo da ƙullin. Ya ce da hantsi wasu mutane sun fito daga daji ta wajen ƙauyen Babban Duhu, ɗaya goya shi aka yi don ƙafafunsa ba sa takawa, ɗaya kuma gawa aka ɗauko. Kawu Daudu ya tafi a babur. Har yanzu ba a faɗi sunan kowa ba.

Mahfuza