Idona Ba Zai Jira Takardarku Ba

Zuwa ga Shugaban da ke kula da ɗakunan karatu na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsohon malamin gona ne, mutumin Wurno ta ƙasar Birnin Kudu. Na ƙare ƙuruciyata a kan babur tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Duk dattijon da ya ba ni labarin irin dawa ko geron kakanninsa, wanne ke jure fari, yaya ake adana shi, sai na rubuta. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka bari yana cikin littattafaina, da rubutun da ni kaɗai ke iya karantawa. Matata kan ce ko likita ya sara mini.

Na farko, likita ya gaya mini ganina na tafiya kuma ba ya dawowa. Shi ya sa na fara zuwa ɗakin karatu ina buga littattafan nan a kwamfuta da yatsa biyu.

Na biyu, ina tsakiyar aiki lasisin manhajar rubutun ya ƙare. Kana ganin rubutunka, amma ko ɗigo ba ka iya ƙarawa. Ma'aikaciyar wurin, Malama Hadiza, ta saka mana wata manhaja wadda masu ita suka sakar wa duniya kyauta, kowa ya ɗauka, ba sata ba ce. Ta buɗe aikina tsaf, har ta ƙara mini girman baƙaƙen. Rabona da farin ciki irin na ranar na manta.

Na uku, masu duba aiki suka zo daga ofishinka. Ba su ce manhajar ta ɓata komai ba. Cewa suka yi abin kyauta ba ya hawa kayan gwamnati sai da takarda daga sama, wai araha ba ta ado. Aka goge ta, aka ja wa Malama kunne, aka lulluɓe kwamfutocin da ƙyalle. Damina biyu ke nan. Kullum ana share musu ƙura, kamar kwanukan jere.

Na rubuto sau biyu, shiru. Gaskiya na fid da rai, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Roƙona biyu ne. Ka sa hannu a mayar da manhajar a duk ɗakunan karatunmu, kuma a daina ganin laifin Malama Hadiza. Ba don ni ba kuma. Ranar Laraba na buɗe littafin da na rubuta labaran dattawan ƙauyen Kangire a tsakar rana, na juya shi, na matso da shi, ban gane ko layi ɗaya ba. Wannan wasiƙar ma matata ce ta rubuta, ni ina faɗa.

Allah ya yi maka jagora, ya bar ka da ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona, Wurno