Shingen Mama

Samaru, Zariya
3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sarah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan ƙalau, sai dai Baba ya ɗauko wata magana.

Kin san shingen furen nan ja da rawaya da marigayiya Mama ta dasa, wanda takan yanka ta kai coci kowace Lahadi. Makon jiya wata ɗalibar jami'a, Lovelyn, ta roƙi Baba ya raka ta gandun dajin da ya yi shekara talatin yana gadi. Can ya tarar furen nan, wanda ɗalibar ta ce sunansa lantana, ya cinye bakin rafi kaf. Ashe baƙo ne daga ƙetare. Tsuntsaye ke cin 'ya'yansa a gidaje su kai daji, kuma inda ya kama, ƙananan ɗorawa da kaɗanya ba sa tashi.

Baba ya dawo ko tuwo bai taɓa ba. Mutumin da masu saran itace ke gudu in sun ji tarinsa, wai ashe a gidansa yake kiwon maɓarnacin. So yake ya tumɓuke shingen. Na ce masa abin hannun Mama ke nan da ya rage mana. Ki rubuto masa, ke yake jin maganarki.

Ƙanwarki,
Janet

Samaru
20 ga Yuni

Yaya Sarah,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso, Baba ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ɗauki gatari.

Kwana huɗu ya yi yana haƙa har saiwa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ƙaya duk ta yage masa hannu. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Na yi fushi, na yi kuka, amma wallahi ban taɓa ganin girmansa kamar a kwanakin nan ba. Ran Lahadi ya miƙe a coci ya faɗi dalilinsa, bai umarci kowa ba. Zuwa yau gida bakwai sun cire nasu. A gurbin namu ya dasa ɗorawa, wadda ya san ba zai ci kalwarta ba.

Kin ce in aiko miki da reshe ki dasa. Ya hana. Ga dai fure ɗaya cikin takardar nan, shi ya busar miki a tsakiyar littafin waƙoƙin Mama. Ya duba shi sau uku, babu iri ko ɗaya a jiki.

Ki gaida yara. Allah ya kiyaye ku.

Taki,
Janet