Yarinyar da ke yi wa jaririya karatu

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ƙaramin yaronku. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi har ya koma shago, ko da yake likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Bai ji ba. Jin magana ba halinsa ba ne, kuma a wurinsa kika gado.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ce in haɗa wa 'yarki, takwarata, kayanta in sa ta a mota ƙarshen wata, tunda malamar ajinsu ta rasu kuma makarantar ba ta da sauran amfani a gare ta. Layi biyu kika yi a kan rasuwar, layi tara a kan mota. Ban raine ki haka ba. Wannan da kike kira malamar ajinsu, ita ce wadda kuka zauna benci ɗaya shekara shida, wadda kuke shigowa gidan nan tare, farar safarku ta koma ja, ku zube a tsakar gida kuna dariya har in fito da muciya. Ita ta fasa mini madubin ɗaki kika ce ke ce, na sani tun ranar, na dai yi shiru ne. Kwana huɗu kacal ta yi tana jinya. Ba ta cika talatin ba, ta bar 'ya mai wata goma sha ɗaya.

Da kin ga layinmu ranar. Tela ya rufe shago, mai wankin mota ya kife bokitinsa, mai kantin magani da ba ya rufewa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya shi ma ya ja ƙofa. 'Yan ajinta suka jeru a bakin gidan da kayan makaranta, ba wanda ya kira su. Shugaban makarantar ya tashi zai yi magana, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa, ya koma ya zauna.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don ba ni da daɗin faɗa. Wata takwas da suka wuce takwarata tana aji uku ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. In an tsayar da ita gaban aji sai harshenta ya sarƙe, yara su fashe da dariya, ta dawo gida ta ce cikinta ke ciwo. Ni a sanina, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yafa mayafi na tafi makarantar da niyyar in ce wa Malama ta daina lallaɓa yarinya, ta sa bulala yadda aka sa mana. Na tarar an fita tara, yara suna waje suna karin kumallo. Ajin ba kowa sai su uku. Malama tana zaune a kujerarta ta ba ƙofa baya tana duba littattafai, jaririyarta a goye, takwarata kuma tana tsaye a bayanta da littafi, tana yi wa jaririyar karatu. Kalma ɗaya, ta tsaya, ta koma, ta sake. Jaririya ta zuba mata ido tana tsotsar hannu. Malama ko waiwaye ba ta yi ba, in yarinya ta maƙale sai ta faɗi kalmar a hankali kamar da littafin gabanta take magana.

Da ta gan ni ta durƙusa ta gaishe ni kamar dā, ta kira ni Mama. Na tambaye ta wane irin wasa ne wannan da lokacin yara. Ta yi dariyar nan tata mai rufe baki da bayan hannu, ta ce mini yaron da ke tsoron karatu ba baƙaƙen yake tsoro ba, idon mutane ne, ita kuwa jaririya ba ta san kuskure ba balle ta yi wa mutum dariya. Ta ce ta naɗa jaririyar mataimakiyar malama, albashinta nono. Yara biyar take yi wa haka, kowa da ranarsa. Na dawo gida da maganar bulalata a ciki. Wata huɗu bayan nan, takwarata ta karanta wa babanki takardar maganinsa daga sama har ƙasa.

Bayan rasuwar, sati biyu takwarata ba ta buɗe littafi ba, abinci ma sai na tsaya a kanta. Rannan na neme ta bayan an tashi daga makaranta ban gan ta ba. Na same ta a gidan surukar marigayiya, inda jaririyar take yanzu, ta zauna a bakin tabarma tana karanta mata labarin kunkuru. Tsohuwar ta gaya mini tun da uwar ta tafi jaririyar ba ta taɓa yin shiru haka ba, kuka take har muryarta ta dushe, amma da ta ji muryar takwarata sai ta rarrafo ta kama gefen littafin. Tun daga ranar kullum sai ta je, ta yi awa guda, ta dawo ta ci abinci da kanta. Sauran huɗun ma sun fara zuwa, sun raba ranaku yadda Malama ta raba musu.

To ki ji da kyau. 'Yarki ce, ban musa ba, kuma na san kewarta ke damunki. Amma ba zan sa ta a mota kamar buhun kaya ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma yarinya 'yar shekara tara ta gane haka ba tare da an yi mata wa'azi ba. In kina son ta, ki zo da ƙafarki. Ki shiga gidan da jaririyar take ki yi wa mijin ƙawarki da uwarsa gaisuwa yadda ya dace da 'yar mutunci, ki zauna a bakin tabarmar ki saurara har a rufe littafi. In bayan nan zuciyarki ta iya ɗauke ta, ni da kaina zan ninke mata kaya.

Ki gai da maigidanki, ki ce masa na gode da haƙurin da yake yi da ke. Ki shafa mini kan ƙaramin. Babanki, ƙanenki da gwaggonki ta bayan masallaci duk suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Malama, ya raya abin da ta bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ni ce,
Mahaifiyarki