Gwiwar maigidana da ƙwayar da yake sha a ɓoye

Saƙo daga wata 'yar'uwa a Maraɗi, ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum admin da 'yan gurup baki ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina yin shiru, yau ga shi abin ya zo kaina, kuma ba ni da wanda zan iya faɗa ma a cikin dangi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni matar aure ce, muna zaune a unguwar Zariya, 'ya'yanmu biyu, mace da namiji. Sana'ata ƙanƙara da zoɓo nake ƙullawa ina sayarwa a gida. Maigidana ɗan kokowa ne, ba zan faɗi sunanshi ba don na san da yawanku kun taɓa tafa mishi a fili. Mutumin Tibiri ne, mahaifinshi da muke ce ma Baba shi ma ya yi kokowa a zamaninshi, har yau in makaɗa suka gan shi sai sun yi mishi kirari. In ba lokacin kokowa ba maigidana yana Jiratawa, suna da filin ban ruwa a can, zogale da albasa yake nomawa. Mutum ne mai sanyin hali, tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya ba sai bana.

Abin ya fara ne bara waccan bayan girbi, a wata kokowar ƙauye. Ƙafarshi ta dama ta kafe cikin rairayi, abokin karawarshi ya juya shi, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. Ya ce ya ji ƙoƙon gwiwarshi ya goce gefe sannan ya koma da kanshi. Aka kawo shi gida gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Baba ya kai shi wurin maɗori, aka ja aka ɗaure, kumburi ya sauka, kowa ya ce an warke. To ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba a warke ba. Tsuguno ya gagare shi, in ya shiga ban ɗaki sai na ji yana nishi yana dafa bango. Zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar gefe. In ya daɗe zaune zai tashi, gwiwar tana ƙara ƙurus-ƙurus kamar ana tauna tsakuwa, kuma in ya miƙe ƙafar a hankali da idona nake ganin ƙoƙon yana karkata waje maimakon ya tafi daidai.

Baba dai ya tsaya a kan cewa jifa ne, wai wani abokin hamayya ne ya binne mishi abu a fili. Ba irin maganin da ba a yi ba. An yi ƙaho, an yi tsaga an shafa gari, an kawo turare daga wani ƙauye bayan Tibiri wanda ya cika mana ɗaki da hayaƙi har yarona ya kama tari. Na ƙarshe aka yi mishi sakiya, aka gasa ƙarfe aka huda gefen gwiwar, wurin ya yi ruwa ya yi wari, ni na yi ta wankewa. Ciwon ciki bai motsa ba ko kaɗan, sai tabo da ya ƙaru.

Da ƙyar na lallashe shi muka tafi asibiti ba da sanin Baba ba. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, lokotoro ya duba hoton ya ce ƙashi bai karye ba. Ya yi mana bayani cewa ƙoƙon gwiwa yana da kwarin da yake bi a jikin ƙashin cinya, yana hawa yana sauka a ciki, shi kuma nashi yana kaucewa daga kwarin yana gogar gefe, wannan gugar ita ce ciwon. Ya ce maganin ba na rana ɗaya ba ne. Ya bar kokowa wannan shekarar, a dinga ɗora ƙanƙara cikin tsumma in ta yi zafi, ya sha farasetamol, akwai kuma na kumburi amma na ɗan lokaci kuma sai ya ci abinci. Ya rubuta mishi wata safar gwiwa mai rami a tsakiya da ke riƙe ƙoƙon, sannan ya tura shi wurin kine, masu gyaran jiki da motsa jiki, ya ce su ne maganin gaskiya, sai naman cinya da na ƙugu sun yi ƙarfi sun dinga jan ƙoƙon daidai. Aiki kuma, wato fiɗa, ya ce sai in duk wannan ya gaza ko ƙoƙon ya ci gaba da fita.

Wallahi jama'a kine ɗin nan ya yi amfani. Matar da ke kula da shi tana liƙa mishi wani filasta da ke jawo ƙoƙon ciki, ta koya mishi motsin da zai dinga yi a gida. Bayan 'yan makonni na ga ya zauna tahiya kamar kowa, har na yi kuka don murna. Amma motsin ne yake jin kunyarshi, ƙato kamar shi ya kwanta a gefe kan tabarma yana ɗaga ƙafa a hankali. Wata rana abokanshi suka shigo suka tarar da shi haka, suka yi ta dariya, wai zaki ya koma koyon tafiya. Labari ya kai Tibiri, Baba ya kira shi ya yi mishi faɗa, ya ce shi ya yi kokowa da karyayyen haƙarƙari bai kwanta gaban mace tana lanƙwasa shi ba. Safar gwiwar ma ya daina sawa, ya ce in ya shiga fili da ita ya nuna ma abokin karawa inda zai kama. Maganin kumburin kuma ya wuce yadda aka ce ya sha, har ya fara ƙona mishi ciki ya bari. Daga nan bai sake komawa randebu, wato ranakun da kine ta sa mishi, ba.

Da lokacin zaɓen waɗanda za su wakilci jiha ya matso sai ya koma horo, kuma abin mamaki ya daina ɗingishi. Yana gudu, yana tsalle, yana ɗaga mutane. Na ce Alhamdulillahi. Amma sai wasu abubuwa suka fara fitowa, abinci sai ya taɓa ya ture, ga zufa ko da sanyi, ga soshe-soshe, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ita kuma gwiwar kullum da yamma ta fi jiya kumbura, ina ɗora mata ƙanƙara yana ce mini ba ya jin komai. Ranar da nake wanki na samu katin ƙwayar tramol cikin aljihun wandonshi, ba na farmasi ba, irin na masu tebur, an ɓalle fiye da rabi. Da na tambaye shi bai musa ba, ya ce duk 'yan fili suna sha, kuma da an gama zaɓe zai bari ya koma kine. Na yarda, don ina son in yarda.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru a Jiratawa. Na bi shi in taya shi tsinkar zogale, da la'asar ya tafi buɗe ruwa a bakin kanal, ina kallonshi daga nesa sai na ga ya tsaya ƙiƙam, sannan ya faɗi kamar an sare icce. Na ruga na tarar jikinshi yana karkarwa, ido ya juye, kumfa da jini a baki don ya ciji harshe, kanshi kuma yana gab da ruwa. Ban san inda na samu ƙarfin da na ja shi baya ba. Wata tsohuwa mai fili kusa da namu ta zo tana salati, ta ce iska ce ta buge shi. Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, ya ga wandonshi a jiƙe, ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Da tsohuwar ta tafi ɗebo ruwa na ce mishi, "Baban Nana, ƙwayar nan ce, ka sani na sani. Mu tafi asibiti yanzu." Sai ya ce, "Ki bar su a kan iska ce." Na ce to ni zan faɗa ma Baba gaskiya. Ya kama hannuna ya ce, "In maganar ƙwaya ta fita daga bakinki zuwa kunnen Baba, a bakin aurenki." Mutumin da bai taɓa ce mini ko tashi daga nan ba.

Yanzu labarin ya kai Tibiri a matsayin iska, Baba ya ce ai dama ya faɗa, masu jifa sun ga zai ci ne suka ƙara ƙaimi, yana can yana haɗa wani sabon taimako, kuma ya rantse ɗanshi sai ya shiga fili ko maƙiya za su mutu. Mai horar da su kokowa shi kuma ya ga kumburin, maimakon ya ce ya huta sai ya ce akwai wanda ya sani yana yin allura a cikin gwiwa, in an yi ba zai ji komai ba har a gama. Lokotoro kuwa tun farko ya gargaɗe mu cewa kashe ciwo don a shiga kokowa ba magani ba ne, ciwon ne ke gaya mishi ya tsaya.

Na saci jiki na koma wurin matar kine na faɗa mata komai. Ta ce faɗuwar nan sananniya ce ga masu shan ƙwayar da yawa, kuma tana iya dawowa ko ina, ko cikin ruwa ko kan titi. Ta ce kuma kada ya yanke ta lokaci ɗaya shi kaɗai, sai lokotoro ya rage mishi a hankali. Game da gwiwar ta ce har yanzu akwai gyara, amma duk ranar da ya kara a haka guringuntsin bayan ƙoƙon yana ƙara cinyewa, kuma wanda ya cinye ba ya dawowa. Ta ce ita dai ba za ta iya yi ma wanda bai zo ba magani. Gaskiyarta ce. Maigidana ya taɓa gwada barin ƙwayar saboda ni, kwana bai cika biyu ba ya kama rawar sanyi da gudawa, yana juyi kan tabarma yana kuka, gwiwar kuma ko zane ba ya so ya taɓa ta. Ranar ce ya ce mini shi bai yi lekol ba, wato makarantar boko, bai iya kasuwa ba, in aka cire kokowa shi manomin albasa ne mai ɗingishi, kuma ba zai iya kallon idon Baba ba. Washegari ya koma ma ƙwayar.

Na rasa inda zan sa kaina. In na faɗa ma Baba aurena yana rawa, kuma ban ma tabbata zai yarda ba, yana iya cewa ni ce na kai ɗanshi asibiti a ɓoye na karya mishi taimako, ga shi tsoho mai tansiyo, wato hawan jini. In na faɗa ma mai horar da su, ko ya rufe maganar don yana son nasara, ko ya cire shi gari duka ya ji dalili, kuma na san maigidana ba zai yafe mini ba. In na yi shiru kuma ina zaune ina jiran ranar da za a kira ni a waya. Iyayena sun rasu, yayana yana Agadas, ba na son in ɗaga mishi hankali da abin da ba zai iya yi ma komai ba daga can.

Akwai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Shi ke kai 'yarmu Nana lekol a kan moto, wato babur. Tun faɗuwar nan nake ƙirƙiro dalili kullum, yau in ce zan bi ta can kasuwa, gobe in ce maƙwabciya za ta tafi da ita. Yau da safe ina wanka na ji ƙarar moto, kafin in fito sun tafi. Na tsaya bakin ƙofa da zane ɗaya da sabulu a wuya ina kallon hanya har ya dawo. Ya ga fuskata, ya gane, ya wuce ciki.

Don Allah waɗanda suka taɓa yin irin wannan ciwon gwiwar, me ya rage muku zafin banda ƙwaya, kuma akwai wanda ya yi kine har ƙarshe ya koma aikin ƙarfi, in nuna mishi ya gani da idonshi? Ma'aikatan lafiya da ke cikin gurup, ta yaya ake kai mutumin da ya ƙi zuwa, kuma allurar nan da ake son yi mishi me za ta jawo? Malamai, kalmar da ya faɗa mini a bakin kanal, in na faɗa ma Baba don ceton ranshi, saki ya auku? Zaɓen saura kwanaki kaɗan. Addu'a ina yi, ku ma ku taya ni, amma kada ku ce mini in yi haƙuri kawai, haƙurin nake yi tun bara waccan. In je Tibiri in faɗa, ko in yi shiru?